Ɗan kutse na wasa, sauran na latsa waya

*Assalamu alaikum. Mu biyar ne, kusan shekara biyu ke nan muna haɗuwa a kan tebur muna wasan Shadowrun, bugu na biyar, wasan labari da kowa ke riƙe da jarumi guda ana jefa dayis, kuma ni ne jagora mai gudanar da labarin. Duniyar wasan ta shiga ranmu: birnin da kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi, ga matsafa da aljanu, ga masu hannun ƙarfe da idon na'ura. Amma dokokin sun gajiyar da ni. Faɗa guda sai ya cinye mana awa biyu. In ɗan kutsenmu ya shiga kwamfuta, sauran sai kowa ya ɗauki wayarsa. Ɗaya daga cikinmu ta fara kawo uzuri, wani kuma ya faɗa mini a fili cewa ya gaji. Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya sayi yawancin littattafan aminina ne, kuma lissafin nan shi ne daɗin wasan a wurinsa. Akwai dokoki masu sauƙi da za su riƙe mana wannan duniyar? Kuma yaya zan sauya ba tare da na ɓata da shi ba?*

*Jagoran da ya gaji*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kafin in ambaci sunan littafi ko ɗaya, bari mu tsaya a kan faɗan nan da ke cinye muku awa biyu, don a nan ciwon yake. A bugu na biyar, in jarumi zai harbi mai gadi, sai ya haɗa ƙwarewarsa da zafin namansa ya kwaso dayis irin na ludo, a ce goma sha biyu. Ya cire na duhu, ya cire na nisa, ya cire na girgizar bindiga, sannan ya zuba a tebur ya ƙirga waɗanda suka nuna 5 ko 6. Mai gadin zai jefa nasa ko zai kauce. In bai kauce ba, ya sake jefawa a ga nawa jikinsa da sulkensa za su shanye, bayan an cire abin da harsashin ke hudawa. Jifa uku ke nan a kan harsashi guda. Wanda aka dasa wa wayoyin sauri a jijiya kuwa, zai motsa sau biyu ko uku a zagayen da wani ke motsawa sau ɗaya. Ninka wannan da jarumai huɗu da masu gadi shida, ka ga inda daren ya tafi.

Wannan ma a duniya guda ne. Wasan naku duniya uku yake tafiyarwa lokaci ɗaya: ta jiki inda ake harbi da gudu, ta Matrix, wato cikin kwamfutoci, inda ɗan kutse ke yawo da ƙwaƙwalwarsa, da ta ruhi inda matsafi ke barin gangar jikinsa a kwance ya tafi leƙen asiri. Ka ƙara da mai tuƙa motoci da jirage marasa matuƙa daga nesa. Kowanne da babinsa, kowanne da lissafinsa, a littafin da ya haura shafi 400. Ashe ba wasa ɗaya kake gudanarwa ba, uku ne ko huɗu, kuma duk wanda ka juya gare shi, ka mayar da sauran 'yan kallo. Latsa wayar da suke yi ba raini ba ne, abin yi ne suka rasa.

Kuma kada ka ɗauka littafin ne ya lalace. Tun fitowarsa a 1989 an gina shi ne don mutanen da ke jin daɗin zaɓen bindiga da ƙera jarumi gaɓa-gaɓa, irin amininka. Shi rigar ta zauna masa daidai. Ku huɗu ne ta yi wa nauyi.

To, abin da zan so ka fara rabawa a ranka shi ne duniya daban, doka daban. Labarin cewa tsafi ya dawo duniya a 2011, cewa wasu mutane sun rikiɗe sun zama dodanni irin su ok da turol, cewa akwai babban kamfanin da diragon ke shugabanta, cewa a birnin Siyatil na 2050 kowane mai ba da kwangilar sata sunansa Mista Johnson, kuma da nuyen, kuɗin duniyar, zai biya ka in bai ci amanarka ba, duk wannan babu abin da ke buƙatar dayis goma sha biyu. Labari ne, taswira ce, sunaye ne. Kana iya ɗauko su gaba ɗaya ka ɗora a kan wata doka. Riƙe wannan, don zai yi maka amfani in mun zo maganar amininka: rabin littattafan da ya saya bayanin birane da kamfanoni da ƙungiyoyi ne, kuma ba za su tsufa ba don kun sauya yadda ake jifa.

Amma akwai doka guda da ita ce ƙashin bayan duniyar, wadda in ka zubar da ita tare da sauran, wasan zai koma wani abu dabam. Ita ce cinikin da ke tsakanin ƙarfe da tsafi. Kowane jarumi yana farawa da maki shida na mutuntakarsa, kowace gaɓar ƙarfe da aka dasa masa tana cin wani abu daga ciki, in kuma matsafi ne tsafinsa na raguwa da raguwarsu. In suka ƙare, mutum ya ƙare. Wannan ce ke hana kowa zama komai. Ita ce ke sa mai hannun ƙarfe ya dubi matsafiya da ɗan kishi, ita ma ta dube shi haka. Duk dokar da za ka koma, ka tafi da wannan cinikin. Ba wuya: zana ɗakuna shida a takardar kowane jarumi, kowane dashe ya baƙanta ɗaki guda, kowane ɗaki biyu da suka yi baƙi su rage wa tsafi dayis ɗaya. Layi biyu ke nan, sun riƙe abin da babi guda ke riƙewa.

Yanzu ga abin da ka zo nema. Da ni ne a kujerarka, dokokin Blades in the Dark zan ɗauka, wanda John Harper ya fitar a 2017. Asalinsa ba labarin kwamfutoci ba ne, gungun ɓarayi ne a wani birni mai duhu da fatalwowi. Amma ƙirarsa ita ce ainihin ƙirar wasanku: ƙungiya ta karɓi aiki, ta kutsa inda ba a gayyace ta ba, abubuwa su caɓe, ta tsira da ƙyar, ta koma maɓoya tana jinyar raunuka, manya na farautarta. Mutane da dama sun gina wasanni a kansa, har da Runners in the Shadows, wanda aka yi don irin duniyarku ta tsafi da na'ura. Kana iya ɗaukar wannan, kana iya ɗaukar na asalin ka sauya sunaye.

Jifarsa ba ta wuce haka ba: ka ɗauki dayis mai fuska shida, irin na ludo, daga ɗaya zuwa huɗu gwargwadon ƙwarewarka, ka jefa, ka dubi mafi girma kaɗai. In 6 ce, ka yi nasara. In 4 ko 5 ce, ka yi nasara amma da ƙura a bayanta. In 1 zuwa 3 ce, abin ya ɓaci. Jagora ba ya jefa wa mai gadi dayis don kaucewa, babu jifar sulke. Jifa guda ce ke faɗin abin da ya sami mai harbin da wanda aka harba. Mai dayis biyu yana da kashi uku cikin huɗu na samun aƙalla 4, don haka jarumai na yawan cimma abin da suka nufa, sai dai ba safai suke fita da tsabta ba. A wannan ƙurar labarin yake.

Abubuwa uku ne a cikinsa suka sa nake nuna maka shi, kuma kowanne yana kashe wata cuta da na tabbata kuna fama da ita ko da ba ka ambata ba.

Na san kuna zama awa guda kuna tsara yadda za ku shiga gini, ana gardamar ƙofar baya da rufin sama, sai minti biyar da shiga tsarin ya ruguje. A nan babu wannan. Ana zaɓar salon shiga a jumla ɗaya, a yi jifa guda a ga yadda aka faro, sai ka buɗe labari suna tsakiyar gini. In suka ci karo da cikas, ɗan wasa na iya yin waiwaye, ya ce ai jiya ya shirya wa wannan. Yana biyan farashin da abin da wasan ke kira matsi, wato ɗakunan gajiya da ke takardarsa, in kuma waiwayen ya yi kama da son banza farashin ya ƙaru. Haka kaya: ba ka rubuta jerin abin da ka ɗauko. Kana faɗin nauyin jakarka ne kawai, sai lokacin buƙata ka ce ai akwai igiya a ciki, ka cike gurbi ɗaya. Na uku shi ne agogo: da'ira ce a takarda da aka raba gida huɗu, shida ko takwas, a rubuta mata suna, a riƙa cike ta in abu ya matso. Kowa na kallonta tana cika.

Bari in nuna maka yadda daren zai kasance. A ce an ba su kwangilar fito da wata masaniyar kimiyya daga hawa na arba'in na ginin wani kamfani. Ka zana agogo mai gida shida a tsakiyar tebur, ka rubuta Ƙararrawa. Suna tsaye a gaban ƙofar ƙarfe. Ɗan kutse ya ce zai buɗe. Dayis biyu, 2 da 5. Ka ce ƙofa ta buɗe, amma na'urar tsaron ginin ta ji an taɓa ta, ka baƙanta gida biyu. Ba ka bi shi cikin kwamfutar ba. Nan take ka juya ga matsafiya: gashin wuyanki ya miƙe, akwai aljanin da aka ɗaure yana gadin wannan zauren, ya juyo, me za ki yi? Ta ce za ta lulluɓe su da inuwa. Ta biya matsi biyu ta ƙara dayis ɗaya, ta sami 6, aljanin ya wuce su yana shinshina iska. Sai ga mai gadi ya ɓullo daga lungu. Mai hannun ƙarfe ya miƙa hannu ga bindiga, ya dubi agogon, ya fasa. Ya ce, ai shekaranjiya na sayi katin shaida daga hannun wani ma'aikacin shara. Ka ce matsi ɗaya, jefa mu gani ko katin na aiki. Ya sami 4. Mai gadin ya bar su sun wuce, amma ya riƙe fuskarsa, kuma za ka tuna da wannan bayan mako biyu. Duk wannan bai kai minti goma ba, kowa ya taɓa dayis, babu wanda ya ga fuskar wayarsa.

Lura da abin da na yi wa ɗan kutse, don wannan ya fi zaɓen littafi muhimmanci, kuma ko kun ƙi sauya komai kana iya fara shi a zama na gaba. Kutse ɗaya, jifa ɗaya. Kuma duk abin da ya yi a cikin na'ura dole ya sauya wani abu a ɗakin da sauran suke: fitila ta mutu, lif ya tsaya, bindigar bango ta juya ga masu ita. Sannan ka hana shi zama a mota a bakin titi. Ka ce muhimman na'urorin kamfani a yanke suke daga waje, sai an je an jona musu waya da hannu. Da zarar yana tsugune a gindin akwatin na'ura harsashi na wucewa ta kansa, mai hannun ƙarfe na tsaye a kansa yana cewa yi sauri, to sun koma wasa ɗaya. Haka za ka yi wa matsafiya da duniyar ruhi: ta tafi, ta gani, ta dawo da labari a jifa guda. Gajiyar da tsafi ke jawo wa mai shi, wadda a tsohuwar dokarku jifa ce ta daban, sai ta koma matsi.

Akwai ɗan'uwan wannan tsari da ya cancanci ka duba, wato dangin Apocalypse World na 2010. Su dayis biyu ne kullum, a haɗa jimla a ƙara ƙwarewa: 10 zuwa sama nasara, 7 zuwa 9 nasara da ƙura, 6 zuwa ƙasa matsala. The Sprawl na Hamish Cameron a kan wannan aka gina shi, kuma ya iya tsara kwangila, daga binciken farko zuwa ranar aiki, har da agogon kamfanonin da ke ƙullace da ku. Sai dai babu tsafi a ainihin littafin, kai za ka ɗinka masa. In ba ka da ƙarfin ɗinki a yanzu, bar shi.

Sauran zan wuce su da sauri. Shadowrun: Anarchy na 2016 shi ne amsar kamfanin da ke wallafa wasan ga koke irin naka: duniya ɗaya, jifa iri ɗaya ta ƙirga 5 da 6, an rage lissafi, an ba 'yan wasa hannu a ba da labari. Shi ne mafi kusa da gida, amma har yanzu za ka cika hannu da dayis. Cities Without Number na Kevin Crawford, 2023, yana da sigar kyauta da za ka iya karantawa kafin ka yanke shawara, kuma taskarsa ta ƙirƙiro kamfanoni da unguwanni da kwangiloli tana da amfani ko da wace doka kake wasa, sai dai dokokin tsafin suna cikin babbar sigar ne. Fate Accelerated ɗan siriri ne, jarumi galibi jumloli ne kamar "Matsafiyar da kamfani ya kora", amma a cikinsa hannun ƙarfe da layar tsafi duk abu ɗaya suke yi a lissafi, kuma wannan zai ƙona ran amininka. CY_BORG mai sauƙi ne ƙwarai, amma jarumansa kamar ƙudaje suke mutuwa, bai dace da mutanen da suka shekara biyu suna renon jarumi ɗaya ba. Cyberpunk Red kuwa kada sunan ya ruɗe ka, babu tsafi a ciki, kuma ba shi da sauƙin da kake nema. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na ajiye Savage Worlds a gefe da gangan, zan dawo kansa.

Ga gargaɗin da masu tallar sauƙi ba sa yi. Nauyin da aka cire daga littafi ba ɓacewa yake yi ba, kanka yake komawa. A tsohuwar doka in aka jefa, tebur ne na lissafi ke faɗa maka abin da ya faru. A sabuwa, duk lokacin da 4 ko 5 ta fito, mutum huɗu za su zuba maka ido suna jiran ƙurar, kuma kai za ka ƙirƙiro ta nan take. Ranar da na fara gudanar da irin wannan wasan na sha kunya. Ban shirya komai ba, don na ɗauka ai mai sauƙi ne. Duk wanda ya sami rabin nasara sai in ce ka ji rauni, don shi ne abin da ya fara zo mini. Kafin awa guda jarumai uku na jan ƙafa, ba su ko kai ga ɗakin da aka aike su ba, ɗaya daga cikin 'yan wasan ya tambaye ni ko mun yi faɗa ne bai sani ba. Laifina ne, ba na dokar ba. Tun daga ranar nake zuwa da ɗan kati da na rubuta ƙura goma: harsashi ya ƙare, kyamara ta ɗauki fuska, wanda aka zo ceto ya ƙi tafiya sai da 'yarsa, aljanin da aka kira ya nemi lada, wata ƙungiya ta riga su shiga, Mista Johnson ya bugo waya ya sauya sharaɗi. Rauni shi ne na ƙarshe a jerin. Sannan ka rage neman jifa. In babu abin da zai ɓaci, ko ɓacin ba shi da daɗin ji, ce masa ka yi, a wuce.

Wani tarkon kuma: kada ka zauna fassara tsoffin jarumai lamba da lamba. Za ka kwana uku kana yi, kuma kowa zai ga an rage masa wani abu. Tambayi kowane ɗan wasa abu uku da jaruminsa ya yi suna a kai, ka gina sabuwar takarda a kansu.

To, amininka.

Kada ya ji maganar a gaban mutane. In ka kawo ta a tebur, uku suka gyaɗa kai, zai ga an gama ƙulla abin a bayansa, kuma daga nan ba dokoki yake karewa ba, mutuncinsa ne. Same shi ku biyu. Kada kuma ka ce masa kowa ya gaji, don wannan ɗaukar sauran ne ka yi sanda da su. Faɗi naka, wanda shi ne gaskiya kuma ba shi da abin musu: ni ne na gaji, ina kwana ina shiri, ina zuwa tebur da fargabar faɗa maimakon ɗokinsa, in muka ci gaba a haka zan ajiye jagorancin. Ba zai iya ce maka ba ka gaji ba. Amma in ka ce dokokin ba su da kyau, kun buɗe muhawarar da zai fi ka hujja a cikinta, don ya fi ka sanin littafin.

Sannan kada ka nemi ya yarda da sauyi, nemi ya yarda da gwaji. Zama uku, sababbin jarumai, wata ƙaramar ƙungiya a wata unguwar birnin nan naku. Tsoffin jaruman na nan a ajiye, ba wanda ya taɓa su. Zama ɗaya bai isa ba, don na farko kullum da tuntuɓe. Bayan na uku a zauna kowa ya faɗi ra'ayinsa, kuma ka shiga da niyyar cewa za a iya kayar da kai.

Ka ba shi aiki, kuma aiki na gaske, ba na lallashi ba. Mutumin da ya haddace kamfanoni da makamai da unguwanni taska ne ga jagoran da ke buƙatar ƙirƙira nan take. Shi zai rubuta jerin gaɓoɓin ƙarfe, ya ba kowacce jumla guda ta abin da take yi da ɗakin mutuntaka nawa take ci. Shi za ka juya wa in ana son sanin wane kamfani ke da wannan ginin. Irin waɗannan mutane sau da yawa ba ƙirgar suke so ba, so suke a ga zaɓinsu ya yi tasiri. In ya ɗauki wata bindiga ta musamman, ka tabbata ta yi abin da wata ba za ta yi ba, ko da a labari ne: ta huda bango, ko ta wuce na'urar bincike ba a gan ta ba.

Amma kada in yaudare ka, akwai abin da zai rasa. Daɗin zama da dare ana auna dashe da dashe don a ƙara dayis biyu, wannan babu shi a sabuwar dokar, kuma in shi ne abin da ke kawo shi, zama uku ba za su sauya masa zuciya ba. A nan Savage Worlds ke shigowa. Tun 2003 yake, kuma tsaka-tsaki ne: ƙwarewa dayis ce guda daga mai fuska huɗu zuwa mai goma sha biyu, jarumi na ƙara ɗaya mai fuska shida, ana neman 4, ana raba katin karta don sanin wa zai fara motsi, ƙananan masu gadi kuma bugu ɗaya mai kyau ke kwantar da su. Akwai jerin makamai da baiwa da zai zauna yana zaɓa, akwai taswirar faɗa in yana so, amma faɗan ba zai kai awa biyu ba. Akwai ma ƙarin littafi mai suna Sprawlrunners da aka yi don tsafi da na'ura a birni ɗaya. Ba shi ne zaɓina na farko ba, don bai warware maka dogon tsarin shiga gini ba, amma kana iya aro waiwaye da agogo ka ɗora masa, ba wanda zai kama ka. In sulhu ake nema a teburin da mutum ɗaya ke son lissafi huɗu na son gudu, nan ne aka fi samunsa.

In kuma duk wannan bai yi masa ba, akwai kujerar jagora. Ce masa duk wata shi ya gudanar da zama guda da tsoffin dokoki, kai ka zauna ka yi wasa. Ko dai ya iya, ku sami wasa biyu maimakon ɗaya, ko kuma ya ɗanɗani abin da kake ɗauka shekara biyu. Jiki magayi.

Ita kuma wadda ta fara kawo uzuri, kada ka jira sai an gama shawara. Kira ta a wannan makon. Kada ka tambaye ta me ya sa ba ta zuwa, za ta sake ba ka wani uzurin ne don kada ta ɓata maka rai. Ce mata za a yi wani gajeren wasa, awa uku, kwangila ɗaya da za a fara a gama a dare guda, takardar jarumi shafi ɗaya ce, kuma kana son ita ta fara zaɓar wanda za ta zama.